Yadda Ake Tantance Wanda Yake Kan Kujerar Mulki

Duk wanda yake son sanin ko wane ne gwamna ko shugaban ƙasa mai ci a Najeriya, abin da zai fara dubawa shi ne rantsuwar kama aiki, domin sanarwar hukumar zaɓe ta INEC ba ta ɗora kowa a kan kujera. Wanda aka bayyana ya lashe zaɓe, zaɓaɓɓe ne kawai, ba shi da ikon sa hannu a kan kasafin kuɗi ko naɗa minista ko kwamishina har sai an rantsar da shi. Muhammadu Buhari ya kayar da Goodluck Jonathan a zaɓen watan Maris na 2015, amma Jonathan ne ya ci gaba da riƙe ragamar mulki har zuwa 29 ga Mayu.

Daga ranar rantsuwar ake lissafa wa'adin shekara huɗu. A kan wannan hujja ce Kotun Ƙoli ta mayar da Peter Obi kujerar gwamnan Anambra a 2007, saboda sai a watan Maris na 2006 aka rantsar da shi, wato wa'adinsa bai cika ba a lokacin, kuma tun daga nan zaɓen gwamnan jihar ya rabu da na sauran jihohi.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne lokacin shari'ar zaɓe. Idan kotu ta soke nasarar gwamna, sai a bincika ko ya ɗaukaka ƙara a cikin wa'adin da doka ta ba shi, domin muddin ya ɗaukaka, yana nan daram sai kotun ƙarshe ta yanke hukunci. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf a watan Satumba na 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayanta, magoya baya suka yi ta cacar baki a gidajen rediyon Kano, alhali shi ne yake gudanar da mulki a gidan gwamnati har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa a watan Janairu na 2024.

Haka kuma a kula kada a haɗa mai ci da muƙaddashi. Mataimakin da aka miƙa wa aiki saboda tafiya ko jinyar shugabansa riƙon ƙwarya yake yi, kamar yadda Jonathan ya yi daga watan Fabrairu na 2010, kujerar ba ta zama tasa ba sai da aka rantsar da shi bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu.