Ƙananan motoci biyu, kuɗin guda ɗaya: inda masu saye suke tuntuɓe

Wanda ya tace zaɓinsa har ya rage mota biyu yakan ɗauka ya gama wahala. Ga su nan sababbi dal, girmansu ɗaya, farashinsu kusa da juna, saura ya nuna. Alhali a daidai nan ake tafka kuskuren da mutum zai yi shekara biyar yana biyan kuɗinsa.

Babban kuskuren shi ne kwatanta suna da suna. Kowace mota hawa-hawa take zuwa: akwai ta ƙasa, ta tsakiya da ta sama. Wadda ke cikin talla ta saman ce, farashin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton kuwa na ta ƙasan ne. Sai mutum ya gwada ta saman wannan kamfani, ya riƙe farashin ta ƙasan wancan a kai, ya yanke hukunci a kan motar da babu ita. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka sa kowane dillali ya rubuta maka ainihin wadda kuɗinka zai saya, da injinta, da giyarta, da kayan da ke ciki, da farashin ƙarshe har da haraji da rajista. Waɗannan takardu biyu su za ka ajiye gefe da gefe.

Wani lokacin ma wahalar banza ake sha, don motocin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 masana'anta ɗaya ce ta riƙa ƙera su a garin Kolín na Jamhuriyar Cek tun 2005, fuska da tambari suka fi bambanta su. Haka Volkswagen up! da Škoda Citigo da SEAT Mii. Idan ka gano naka biyun 'yan ciki ɗaya ne, ka bar gardamar inji, ka koma kan garanti, da farashi, da wanda garejinsa ya fi kusa da kai.

Sai batun tsaro, inda na fi ganin ana yaudarar kai. Mutum ya ji an ce mota ta ci tauraro biyar a gwajin karo, hankalinsa ya kwanta, bai tambayi wace shekara ba, bai tambayi ta wace kasuwa aka gwada ba. Hukumar Euro NCAP, mai gwada tsaron motoci a Turai, ta fara wannan gwaji a 1997, kuma tana ƙara tsaurara shi lokaci zuwa lokaci, saboda haka tauraro biyar na shekara goma da suka wuce ba lallai ya kai uku na yau ba. Abin da ya fi wannan muni, kamfani kan sayar da mota mai suna ɗaya a ƙasashe daban-daban da kayan kariya daban-daban. Gwaje-gwajen da Global NCAP, wata ƙungiyar gwajin karo ta duniya, ta fara a Indiya a 2014, da na Afirka ta Kudu a 2017, sun nuna sababbin motoci masu araha da suka tashi ba tauraro ko ɗaya, wasu ma babu jakar iska a cikinsu. Don haka ka ƙirga jakunkunan iskar wadda za ka saya da kanka: biyu ne a gaba kawai, ko akwai na gefe da na saitin kai? Tana da birkin ABS, wanda ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi? Tana da ESC, wato na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa a kwana? Tarayyar Turai ta wajabta ta a duk sabuwar mota tun Nuwamban 2014, amma akwai kasuwannin da har yanzu sai ka ƙara kuɗi. In ɗaya tana da ita ɗayar ba ta da ita, ni a wurina magana ta ƙare, ko da ɗayar ta zo da allon taɓawa kamar talabijin.

Shan mai kuma, adadin da ke cikin takardar kamfani a ɗakin gwaji aka samo shi. Ya isa a kwatanta mota da mota, muddin da ma'auni ɗaya aka auna su, domin tsohon ma'aunin Turai na NEDC ya fi rangwame a kan WLTP da ya fara maye gurbinsa a 2017. Sannan a buga lissafi kafin a ruɗe. Bambancin rabin lita a kowane kilomita 100, ga mai yin kilomita 10,000 a shekara, lita 50 ce kacal. Inshora mai tsada ko sabis guda ɗaya na iya cinye ta.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi. Masu saye da bashi sukan tsaya a kan abin da za su biya duk wata, sai dillali ya ja wa'adin daga shekara uku zuwa biyar, biyan wata ya sauka, kuɗin ruwa ya hau. Ka tambayi jimillar abin da zai bar aljihunka daga farko zuwa ƙarshe. Ka duba kuma nawa ake sayar da 'yar shekara uku ta kowace a kasuwar na-hannu, don faɗuwar daraja takan fi kuɗin mai yawa a shekarun farko, kuma araha ba ta ado idan ranar sayarwa ta zo aka rasa mai tayawa. Garanti ma a karanta shi. Kia tana ba da shekara bakwai a Turai, Hyundai biyar, amma wa'adin ya danganta da ƙasa, akwai iyakar kilomita a wasu, kuma tsallake sabis kan jawo a ƙi biyan gyara.

Daga nan sai gwajin tuƙi, wanda yawancin mutane ke yi kamar cika sharaɗi: minti goma, shi kaɗai da dillali, a shimfiɗaɗɗen titi. Ƙaramar mota ba a gane halinta a haka. Inji mai lita 1.0 da silinda uku yakan yi zafin nama da mutum ɗaya, amma ɗora mutum huɗu, ka kunna esi, ka nufi tudu, sai ka ji yana nishi. Saboda haka ka zo da waɗanda za su riƙa shiga motar, ka bi hanya ɗaya da motocin biyu a rana ɗaya, da cunkoso da hawa da babban titi. Gyara kujerar direba daidai tsawonka, ka koma bayanta ka zauna ka ji inda gwiwarka ta tsaya. Mai ƙaramin yaro ya zo da kujerar yaron ya ɗaura ya gani.

Kalmar otomatik ma tana ruɗi. A ƙananan motoci da yawa AMT ce, giyar hannu da na'ura ke taka wa kuloci. Tana da araha, amma takan yi ɗan jinkiri da fizga wajen canji, wani ya saba cikin mako, wani ya tsane ta har ya sayar. CVT, wata irin otomatik ɗin da ba ta da matakan giya, ba ta fizga, sai dai ƙarar inji in an taka sosai.

Kafin ka sa hannu, buɗe but ka ɗaga shimfiɗar ƙasa. Kamfanoni da yawa sun daina saka tayar safaya, sai ɗan famfo da kwalbar gam na toshe huda, wanda ba ya tsinana komai idan gefen taya ya yage. In ramin tayar yana nan babu taya, ka sa a haɗa maka da ita da jak a cikin ciniki, a rubuta a takarda tun kafin ka biya.