Yadda ake gyara maɓallin da ke ɗauka yana ƙi a kibod ɗin da aka haɗa da hannu

Maɓallin da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda zai ɗauka yanzu, an jima ya ƙi. Shi ne ke sa mutum ya yi gaggawar ɗauko ƙarfen dalma, ya ɓata allon da lafiyarsa ƙalau. Ka ajiye ƙarfen tukuna, ka fara gano inda ciwon yake.

Da farko ka canza wayar USB, ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta. Sannan ka buɗe VIA, manhajar saita kibod, ka shiga wurin gwajin maɓallai, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Maɓallan suna zaune ne a layuka na tsaye da na kwance, don haka in ka ga E da D da C suna ɗaukewa tare, suwic, wato makunnin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli, ba shi da laifi. Layin ne ya tsinke, ko dalmar ƙafar ƙwaƙwalwar allon ta saki.

In maɓalli guda ne, a Damagaram ƙura zan fara tuhuma, balle lokacin hunturu da take shiga ɗaki ko an rufe taga. Suwic irin na Cherry MX yana ɗauka ne idan ya nutse milimita 2, inda wasu siraran ƙarafa biyu ke haɗuwa, ƙwayar rairayi ɗaya kuwa ta isa ta shiga tsakaninsu. Zare wayar, cire hular maɓallin, ka danna sandar ƙasa ka hura iska. In bai yi ba, ɗiga alkol mai kashi 90, ka yi ta dannawa, ka bari ya bushe sarai. Mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa. Ka sani dai alkol yana wanke man da aka shafa wa suwic, santsinsa zai ragu.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne musanya. Idan allonka mai soket ne, wanda ake zare suwic ba tare da dalma ba, zaro shi ka dubi ƙafafunsa biyu na ƙarfe a wurin haske. Sau da yawa za ka tarar ɗaya ta lanƙwashe ta kwanta, tana ɗan shafar soket maimakon ta shige ciki, shi ya sa take ɗauka tana ƙi. Miƙe ta da hantsaki a hankali. Daga nan ka musanya shi da suwic ɗin wani maɓallin da ba ka cika taɓawa ba. Matsalar ta bi shi? Suwic ne, canza shi. Ta tsaya a gurbinta? To allo ne. Wajen mayarwa ka tallafi soket ɗin da yatsa ta baya, don dannawa da ƙarfi kan ɓamɓare shi.

Ga allon da aka yi wa dalma, juya bayansa, ka haɗa ƙafafun suwic ɗin biyu da bakin hantsaki, allon yana jone da kwamfuta. Harafin ya fito kowane lokaci, to layi da dayod, ɗan abin nan da ke barin lantarki ya wuce ta gefe ɗaya kawai, lafiya suke. Sai ka dubi dalmar: mai kyau tana sheƙi, marar kyau ta dushe ko ta tsage kewaye da ƙafar. Nan ne ƙarfen dalma ke da aiki, a zafin digiri 350, daƙiƙa 2 zuwa 3, da ɗan ƙarin sabuwar dalma. In hannunka bai saba ba, masu gyaran salula na Kasuwar Dole kullum irin aikin suke yi. Idan harafin bai fito ba, auna dayod da mitar lantarki: dayod irin 1N4148 mai lafiya tana nuna kusan bolt 0.6 ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen ba komai.

Akwai kuma maɓallin da ke rubuta harafi biyu a danni guda. QMK, manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar allon, yana jiran milidaƙiƙa 5 kafin ya amince da danni. Kana iya ɗaga shi zuwa 10, abin ya lafa. Ni dai na fi son a canza suwic ɗin, don wanda ya fara haka gaba yake yi. Duk ranar da za ka yi odar kaya daga Kano ko Yamai, ka ƙara suwic ko da biyar ne na ajiya.