Yadda ake gano lokacin haihuwar banakul a gaɓar teku

Banakul, wato halittar nan mai ɓawo da ke manne wa duwatsu da ƙasan jiragen ruwa, dangin ƙaguwa ne, kuma a yawancin nau'o'insa kowane ɗaya yana da gaɓoɓin namiji da na mace. Wanda na fi so a fara da shi shi ne Semibalanus balanoides na arewacin Tekun Atlantika, domin sau ɗaya yake haihuwa a shekara.

Da farko a zaɓi dutse ɗaya, a sa alama a inda za a riƙa ɗiba, a dinga komawa duk mako biyu idan ruwa ya janye. Kada a ɗebi na sama yau, gobe na ƙasa, domin na ƙasa sun fi daɗewa cikin ruwa suna cin abinci. A ɗebo daga inda suka yi cincirindo, saboda wanda yake shi kaɗai ba shi da maƙwabcin da zai yi masa barbara.

Sai a ɓamɓaro su da bakin wuƙa a duba ta ƙasa, kuma a nan ne masu koyo suke tuntuɓe, ni ma na ɓata kaka guda a kansa. Abu mai laushi, ruwan ɗorawa, wanda yake damewa idan an taɓa shi, ma'ajiyar ƙwai ce, barbara ba ta auku ba tukuna. Ƙwan da aka yi wa barbara yana haɗuwa ne ya zama falle biyu da allura za ta iya ɗagawa ba tare da sun watse ba, sannan launinsu yana rikiɗa zuwa ruwan ƙasa yayin da ƙyanƙyasa ta matso. Duk wanda ya ɗauki ma'ajiyar ƙwai a matsayin ƙwan da aka yi wa barbara zai rubuta cewa haihuwa ta fara tun makonni kafin lokacinta.

A kowace ziyara a rubuta zafin ruwa da tsawon yini. Ƙaramin ma'aunin zafi mai araha ya wadatar. Wannan nau'in yana barbara ne wajajen Nuwamba, bayan zafi ya sauka ƙasa da kusan digiri 10 na ma'aunin Celsius, yini kuma ya gaza awa 12. Yana riƙe ƙwan cikin ɓawonsa duk hunturu, ya saki 'ya'yan wajajen Maris, lokacin da ƙananan tsirran da ke shawagi a ruwa suka yawaita. A tekuna masu ɗumi kuwa, inda wasu nau'o'in ke haihuwa sau da dama a shekara, a auna gishirin ruwan ma, musamman bayan ruwan sama mai yawa.