Yadda Ake Ci Gaba da Gudu da Atisayen Gasa a Lokacin Tsananin Sanyi

Manyan gasannin gudun fanfalaki da dama ana gudanar da su ne da zarar sanyi ya fara janyewa. Na Tokyo yakan zo a farkon watan Maris, na Boston a ranar Litinin ta uku ta watan Afrilu, na Landan ma yawanci cikin watan na Afrilu ake yin sa. Tun da shirin tseren kilomita 42.195 yakan ci makonni 16 zuwa 20, duk wanda ya yi rajistar ɗaya daga cikinsu tilas ne ya soma atisaye tsakanin tsakiyar Oktoba da farkon Janairu, daidai lokacin da dare ya fi tsawo a arewacin duniya, har ma a birni irin Landan hasken rana ba ya kai sa'o'i 8 a ranar 21 ga Disamba. Wanda ba ya shirin wata gasa, sassarfa kawai yake yi domin lafiyar jikinsa, shi ma matsalolin da ke gabansa ba su bambanta da waɗannan ba.

Abin da ya kamata a gane tun farko shi ne, jikin da ke gudu ba ya rasa ɗumi, domin kusan kashi uku cikin huɗu na kuzarin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama. Saboda haka ba sanyin kansa ne ya fi kayar da masu gudu ba. Abubuwan da ke kayar da su su ne jiƙewar tufafi, da iska, da duhu, da santsin hanya, sai kuma taurin kan bin jadawali ko da yanayi bai ba da dama ba.

Sutura

Kuskuren da sabon mai gudu ya fi yi shi ne jibga kaya masu kauri saboda sanyin da ya ji a bakin ƙofa. Kafin ya yi minti goma zufa ta karyo masa, rigar ciki ta jiƙe sharkaf, sa'an nan da ya rage sauri ko ya juya ya fuskanci iska sai sanyi ya shige shi fiye da wanda ya fito da kaya marasa nauyi. Dalili kuwa a fili yake: ruwa yana janye zafi daga fata ninki kusan 25 fiye da yadda iska ke yi. Ƙa'idar da masu gudu suka daɗe suna bi ita ce mutum ya yi shiga kamar a ce yanayin ya fi yadda yake ɗumi da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Idan ka fito ka ji ɗan sanyi yana ratsa ka a mintocin farko, shigarka ta yi daidai. Idan kuwa ka ji ɗumi tun kana tsaye, to kayan sun yi yawa.

Ana jera tufafin ne hawa-hawa. Wadda ke manne da fata ta kasance ta foliyesta ko ta ulu mai laushi, domin suna fitar da zufa waje, kada ta kasance ta auduga, wadda ke shan ruwa ta riƙe shi. A bisanta, idan sanyin ya tsananta, sai a ɗora riga mai dogon hannu mai riƙe ɗumi, sa'an nan jaket marar nauyi da ke tare iska. A ganina jaket mai zif har ƙasa ya fi mai tsada wanda ba ya buɗuwa, saboda da zif ɗin ne za ka riƙa daidaita zafin jikinka, ka zuge shi wajen hawan tudu, ka rufe wajen gangare. Jaket ɗin da ba ya barin ruwa ya shiga sam, shi ma ba ya barin zufa ta fita yadda ya kamata, don haka a ajiye shi sai ranar ruwan sama.

Yatsu da kunnuwa da hanci su ne ke fara shan wahala, domin idan sanyi ya kama, jiki yakan takaita jinin da ke zuwa gaɓoɓin nesa domin ya kare zuciya da sauran kayan ciki. Safar hannu da hular da ke rufe kunnuwa ba su da nauyi, kuma ana iya cire su a cusa a aljihu idan jiki ya ɗumama. Safar hannu wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri guda ta fi mai rarrabe su ɗumi. Ɗan man shafawa mai kauri a leɓe da kumatu yana hana su tsagewa.

Iska da iyakar da ba a ƙetarewa

Kafin ka fita, duba hasashen yanayi, amma kada ka tsaya a kan adadin digiri kaɗai. Nemi adadin da ke nuna sanyin da fata za ta ji idan an haɗa da ƙarfin iska. Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta yi gargaɗin cewa idan wannan adadi ya sauka ƙasa da digiri 27 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 30 ko ƙasa da haka. Hukumar FIS, mai kula da wasannin zamiya a kan dusar ƙanƙara, ba ta yarda a yi tseren dogon zango idan sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili ba. Idan ƙwararrun da sanyi ne sana'arsu suna da iyaka, babu dalilin da zai sa mai gudun nishaɗi ya ɗauki zama a gida a irin wannan rana a matsayin ragwanci.

Akwai dabara guda mai sauƙi da ake yawan mantawa da ita: ka fara gudun kana fuskantar iska, lokacin da tufafinka ke bushe kuma ƙarfinka yake cike, ka dawo tana bayanka. A ranakun da suka yi muni, ya fi kyau ka riƙa kewaya gajeriyar hanya kusa da gida sau da yawa, da ka yi nisan da in wani abu ya same ka dawowa za ta gagara.

Numfashi da ɗumama jiki

Iskar sanyi busasshiya ce, kuma hanyoyin numfashi su ne ke ɗumama ta su kuma jiƙa ta kafin ta isa huhu. Wannan aiki ne ke jawo ƙaiƙayin maƙogwaro da tari bayan gudu, ga masu ciwon asma kuwa yana iya ƙuntata hanyar numfashin gaba ɗaya. Rufe baki da hanci da ƙyalle marar kauri yana taimakawa, domin yana riƙe ɗumi da danshin numfashin da ka fitar. Wanda yake jin shaƙewa ko ƙarar ƙirji duk lokacin da ya yi gudu cikin sanyi ya ga likita, haka ma mai hawan jini ko ciwon zuciya, tun da sanyi yana matse hanyoyin jini ya ƙara wa zuciya aiki.

Ka motsa jiki na minti biyar zuwa goma a cikin ɗaki, amma ka dakata kafin zufa ta fito, sa'an nan ka yi kilomita biyu na farko a hankali ƙwarai. Tsokar da ba ta ɗumama ba ba ta son a fizge ta. Ka kuma sha ruwa ko da ba ka ji ƙishirwa ba, domin sanyi yana danne ta alhali zufa da numfashi suna ci gaba da rage ruwan jiki.

Santsi da duhu

Sabuwar dusar ƙanƙara ba ta cika kayar da mutum ba, gajiyar da ƙafa kawai take yi. Abin tsoro shi ne siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗe a kan kwalta ba a ganinta, wadda takan samu idan dusar ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, musamman a kan gada da wuraren da inuwa ba ta barin rana ta taɓa su. A irin wannan hanya sai a gajarta taku, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin jiki ba can gaba ba, a kuma taka a hankali wajen kwana. Takalmi mai zurfin zane a tafinsa yana riƙe dusa, amma a kan ƙanƙara tsantsa babu abin da ke aiki sai ƙananan ƙusoshin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi. Targaɗe ko karaya guda ɗaya na iya cinye makonni shida ko fiye, wato kusan sulusin shirin gasar baki ɗaya.

Game da duhu, a ɗauka cewa direba bai gan ka ba. Sa riga mai walƙiya idan fitilar mota ta haska ta, ɗaura fitila a goshi, bi gefen da kake fuskantar motocin da ke tahowa idan babu hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma ka faɗa wa wani inda za ka bi da lokacin dawowarka. Waya ta zauna a aljihun ciki kusa da jiki, saboda sanyi yana saurin kashe batir.

Jadawalin atisaye

Nan ne hankali ya fi ƙarfi amfani. Jadawalin da aka rubuta a takarda bai san za a yi guguwa ranar Talata ba, don haka kada ka ɗaure kowane atisaye da wata rana ta musamman. Ka ware abubuwa biyu ko uku da mako ba zai wuce ba tare da su ba, wato dogon gudu da gudun sauri guda, ka duba hasashen mako, ka ba su ranakun da suka fi kyau, sauran ranakun kuma ka cike su da sassarfa mai sauƙi. Sharaɗi ɗaya ne kawai: kada ranaku biyu masu wahala su zo a jere don kawai ana son cike gurbi.

Haka nan kada ka auna kanka da saurin da agogo ke nunawa. Kaya masu nauyi, da iska, da hanya marar tabbas duk suna rage sauri ba tare da sun rage wahalar da zuciya ke sha ba, kuma wahalar ce ke gina jiki. Ka auna da numfashi: a gudu mai sauƙi ya kamata ka iya magana da cikakkiyar jimla. Ya kuma fi dacewa a lissafa atisaye da mintoci maimakon kilomitoci, domin sa'a guda cikin dusa aiki ne cikakke ko da tazarar ta gaza.

Wasu suna raina injin gudu na cikin ɗaki, amma ni ban ga hujjarsu ba, musamman ga gudun sauri, wanda yin sa a kan ƙanƙara ganganci ne. Binciken da masanan kimiyyar wasanni Andrew Jones da Jonathan Doust suka wallafa a 1996 ya nuna cewa ɗaga gaban injin ya yi ɗan tudu na kashi 1 cikin ɗari yana maye gurbin turjiyar iskar da ake samu a waje, ko da yake mai gudu a hankali bai cika buƙatar hakan ba. Sai dai kada injin ya zama mazauni na dindindin, domin ranar gasa ba ta zaɓar yanayi. A gasar Boston ta 2018 an sha ruwan sama mai sanyi da iska mai ƙarfi, fitattun 'yan tsere da yawa suka janye a hanya, Yuki Kawauchi na Japan da Desiree Linden ta Amurka suka yi nasara. Wanda ya taɓa yin dogon gudu cikin ruwa da iska ya riga ya san rigar da ke goge masa fata da safar hannun da ke jiƙewa, kuma wannan sani ba a samun sa a cikin ɗaki.

Idan kwana uku ko huɗu suka wuce ba ka yi gudu ba, babu abin da ya lalace, domin juriyar jiki ba ta fara raguwa sosai sai an kai wajen mako biyu ana zaune. Ci gaba daga inda jadawali yake, kada ka tara na baya ka ce sai ka rama.

Ciwo da alamomin haɗari

Murar da ta tsaya a hanci ba ta hana sassarfa mai sauƙi, amma zazzaɓi, ko tari daga ƙirji, ko ciwon gaɓoɓi, hutu suke buƙata har sai sun wuce, domin wahalar da jiki a irin wannan hali na iya shafar tsokar zuciya.

Zafin jikin ɗan'adam yana wajen digiri 37, idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Alamominsa su ne makyarkyata mai tsanani, da tangaɗi, da sarƙewar harshe, da ruɗewa, kuma sau da yawa abokin gudu ne ke lura kafin mai abin ya lura. A shigar da shi wuri mai ɗumi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a nemi agajin likita. Fatar da ta yi fari ko toka-toka, ta yi tauri kuma ba ta jin taɓawa, ta fara daskarewa ke nan. Kada a murza ta, kada kuma a kanga ta a wuta, a tsoma ta cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 a kan hanyar neman magani.

Ko a ranar da komai ya tafi lafiya, mintocin da ke biyo bayan tsayawa su ne jiki ya fi saurin hucewa, saboda tsoka ta daina samar da zafi alhali tufafi na jiƙe. Kada ka tsaya hira ko miƙe gaɓoɓi a waje. Shiga ciki, sauya kaya tun daga rigar ciki, sha abu mai ɗumi, sa'an nan ka yi sauran. Idan da mota ka je wurin gudun, ka tafi da busassun tufafi a jaka. Takalmin da ya jiƙe a zare shimfiɗar cikinsa, a cusa masa takarda ta tsotse ruwan, a bar shi nesa da na'urar ɗumama ɗaki domin zafi yana lalata gam da robar tafinsa, kuma wanda ke gudu kusan kullum zai fi samun sauƙi idan yana da takalma biyu da yake musanyawa.