Matakan Fara Ɗanɗana Giyar Inabi

Da farko, ka nemi kwalba biyu masu sauƙin kuɗi, fara da ja, domin ba a gane bambanci sai an kwatanta. Ka sanyaya farar zuwa tsakanin digiri 8 da 12 a ma'aunin Salshiyos, jar kuwa 15 zuwa 18 ya ishe ta, tunda sanyi mai yawa yana danne ƙamshi.

Ka zuba sulusin kofin gilashi, ka riƙe shi ta ƙafarsa don kada hannunka ya ɗumama abin da ke ciki. Ka karkata kofin a kan farar takarda ka duba launin, sannan ka jujjuya shi a hankali ka sunsuna.

Yanzu ka kurɓi kaɗan, kada ka yi saurin haɗiyewa. Ka lura da tsami da zaƙi, da kuma baurin nan da ke busar da dasashi kamar shayin da ya jiƙa sosai. Yawanci daga ɓawon inabi yake fitowa, shi ya sa ya fi yawa a jar, wadda ake tsima ta tare da ɓawon, kuma sabon shiga ba ya cika sonsa.

Ka rubuta sunan inabin, kamar Merlot ko Chardonnay, da ƙasar da aka yi giyar. Barasar da ke ciki takan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100, saboda haka ka haɗa da abinci da ruwa, kuma kada ka tuƙa mota bayan ka sha.