Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar kalmar gatekeeper a fannoni daban-daban

Kalmar gatekeeper ta Turanci tana yawan fitowa a labarai da takardun ilimi, kuma mai karatu ko mai fassara yakan mayar da ita mai gadi ya wuce abinsa. Asalin ma'anarta ke nan, wato mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa yana duba mai shiga da mai fita. Sai dai fannoni da yawa sun ari kalmar, kowanne ya ɗora mata nasa nauyin, har ta kai ga wani lokaci abin da ake nufi kamfani ne, ko manhaja, ko ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗauka cewa duk mai tsaron ƙofa aikinsa hanawa ne, kuma a fagen aikin jarida aka fi faɗawa cikinsa. Masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin ne ya shigar da kalmar cikin nazarin zamantakewa a shekarun 1940, lokacin da yake binciken yadda abinci ke isa teburin iyalai a Amurka, inda ya lura cewa matar gida ce ke yanke shawarar abin da za a saya da abin da za a dafa. A 1950 David Manning White ya ɗauko wannan tunani ya gwada shi a kan editan wata ƙaramar jarida, wanda ya ajiye masa dukkan labaran da kamfanonin dillancin labarai suka aiko cikin mako guda tare da rubuta dalilin watsar da kowanne. Kusan kashi 90 cikin 100 na labaran ba su shiga jarida ba. Wasu editan ya ƙi su ne saboda ra'ayinsa, amma da yawa dalilinsu bai wuce rashin fili a shafi ba, ko kuwa labarin ya iso a makare. Saboda haka wanda ya fassara wannan aiki da toshe bakin 'yan jarida ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Takunkumi daga hukuma yake zuwa domin a ɓoye magana, shi kuwa zaɓen labari aiki ne da babu jaridar da za ta fito ba tare da shi ba. Gyaran shi ne a ce mai tantance labarai, sannan in akwai zargin son rai a kawo shi daban tare da hujjarsa.

A harkar lafiya ma haka abin yake. A ƙasashe irin su Birtaniya da Holan, mara lafiya yakan fara ganin likitan iyali, wanda shi ake kira gatekeeper a nan, shi ne zai duba shi ya rubuta masa takardar turawa zuwa ga ƙwararre idan da bukata. Mutane da dama suna fahimtar wannan a matsayin katanga tsakaninsu da magani, har wasu su zaci ko a halin gaggawa sai sun nemi wannan takarda, alhali sashen gaggawa na asibiti ba ya jiran ta. Manufar tsarin ita ce kada mai ciwon kai na yau da kullum ya tare layin likitan ƙwaƙwalwa. Ko tsarin yana cim ma wannan manufa ko yana jawo jinkiri, muhawara ce da ta daɗe, kuma a ganina kowane ɓangare yana da abin faɗa.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne fagen doka. A dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Nuwamba 2022, kalmar matsayi ce ta shari'a da hukuma ke ɗora wa kamfani bayan ya cika wasu sharuɗɗa. Daga cikinsu akwai samun masu amfani miliyan 45 a kowane wata a cikin Tarayyar, da 'yan kasuwa 10,000 a shekara, da cinikin yuro biliyan 7.5 a shekara a yankin ko darajar kasuwa ta yuro biliyan 75. A Satumba 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta ayyana kamfanoni shida, wato Alphabet da Amazon da Apple da ByteDance da Meta da Microsoft, sannan Booking ya biyo baya a 2024. Marubuta sukan yi tuntuɓe iri biyu a nan. Wasu suna liƙa wa kowane babban kamfanin fasaha wannan suna ko da ba a ayyana shi ba, wasu kuma suna ba da labarin ayyanawar kamar an kama kamfanin da laifi. Ayyanawa nauyi ce kawai da ake ɗora wa kamfani, misali kada ya fifita kayansa a kan na abokan hamayya a dandalinsa. Hukunci sai an karya ƙa'ida, kuma tarar tana iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfanin a duniya baki ɗaya. A Afrilu 2025 ne aka ci tarar Apple yuro miliyan 500, Meta kuma miliyan 200.

A yaƙi da halatta kuɗin haram kuwa, lauyoyi da akantoci ake nufi, domin ta hannunsu ake rajistar kamfanoni da sayen kadarori.

Masu kwamfutar Mac suna da nasu ruɗanin. Gatekeeper a wurinsu sunan wata kariya ce da Apple ya fito da ita a 2012, don haka ba a fassara ta, kamar yadda ba a fassara sunan kowace haja. Idan mutum ya sauke manhaja daga intanet ya zo buɗe ta karon farko, wani lokaci wani ɗan akwati yakan bayyana a fuskar kwamfutar yana cewa ba a iya tabbatar da wanda ya ƙirƙire ta ba. Wasu suna ganin wannan saƙo sai su yanke cewa manhajar tana ɗauke da cuta, wasu kuma su bi shawarar da suka tsinta a intanet su kashe kariyar gaba ɗaya. Abin da saƙon ke faɗa shi ne manhajar ba ta da sa hannun da Apple ya sani. Wanda ya amince da inda ya samo ta yana iya ba ita kaɗai izini a cikin saitin tsaro, ya bar kariyar tana aiki a kan sauran.

A binciken ciwon daji, Kenneth Kinzler da Bert Vogelstein sun raba wasu ƙwayoyin gado gida biyu a 1997. Masu tsaron ƙofa su ne waɗanda ke taka wa ƙwayar jiki burki kai tsaye don kada ta riƙa hayayyafa babu iyaka, irin su ƙwayar gado mai suna APC da ke da alaƙa da ciwon dajin babban hanji. Masu kula kuwa aikinsu gyara ɓarnar da ta samu ƙwayoyin gadon. Ɗalibai sukan cakuɗa su saboda lalacewar kowanne tana iya kaiwa ga cutar. Har wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo a Birtaniya yana amsa wannan suna, saboda yawan ganinsa da ake yi a bakin shingen gona, kuma wannan aƙalla bai taɓa hana kowa wucewa ba.

Akwai kuma fannin da ma'anar ta juya baki ɗaya. A shirye-shiryen hana mutane kashe kansu, ana horar da malaman makaranta da 'yan sanda da shugabannin addini su zama masu tsaron ƙofa, ma'ana su iya gane alamun damuwa mai tsanani, su yi wa mutum tambaya kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba, sannan su sada shi da masu ba da kulawa. Wanda ya rubuta cewa an horar da masu gadi, ko masu tantance wanda ya cancanci taimako, ya kauce wa manufar shirin. Abin da ya dace a rubuta a nan shi ne masu gano mabukata da sada su da taimako, tare da bayyana cewa su ba likitoci ba ne kuma ba a ɗora musu ba da magani ba.