Kurakuran masu haɗa kunkurun damisa da wasu a tsakar gida ɗaya

Na gaji da amsa tambaya ɗaya. Duk wanda ya sayo kunkuru mai zanen damisa sai ya bugo mini waya: "Malam, in sake shi cikin namu na gida ko?" In na ce a'a, sai ya ce ai kunkuru duk kunkuru ne. Ni ma haka na ɗauka a da, sai da na rasa dabbar da nake ƙauna.

Kunkurun da muka saba gani a gidajen Kano, mai launin rairayi da kaushin ƙafa, ɗan Sahel ne. Yana iya wuce kilo 50, yana haƙa rami mai zurfi, namijinsa kuma tunkuyi yake yi kamar rago. Na damisa daga gabashi da kudancin Afirka ya fito, yawanci bai fi kilo 13 ba, kuma dabba ce mai tsoro.

Ina da wata mace ta damisa a gidanmu na Gwale, na haɗa ta da wani ƙaton namiji na Sahel. Sai ta fara laɓewa bayan randa, ta rage cin ciyawa. Na ce zafi ne. Ashe tsoro ne, shi yake tare mata abinci yana bin ta da duka. Wata Juma'a cikin Afrilu na dawo daga masallaci na tarar da ita a rigingine kan siminti, rana na dukan cikinta. Huhun kunkuru a sama yake, ƙarƙashin ƙoƙon baya, idan ya kwanta a rigingine kayan ciki su danne shi, numfashi ya gagara. Ga siminti sumul, babu abin da za ta dogara ta juyo. Na kai ta inuwa, na yayyafa mata ruwa, amma ba ta kai magariba ba. Don Allah kada wani ya ƙara ce mini "ai sun saba, ba sa faɗa". Kana gida awa nawa a rana? Kunkuru ba ya kuka, ba zai faɗa maka ana cutarsa ba. Ka gina katangar bulo tsakaninsu, wadda ba sa hango juna. Waya ba ta isa, na Sahel zai ture ta ko ya haƙa ta ƙasa.

Sai masu sakin sabon kunkuru cikin tsofaffi ranar da aka kawo shi. Wannan ganganci ne. Baƙo na zuwa da tsutsar ciki, da majina, da kaska a hammata da gindin wutsiya. Saboda kaskar nan ne Amurka ta hana shigo da kunkurun damisa da na Sahel a 2000, don tana ɗauke da cutar da ke kashe shanu da tumaki da awaki. Ka tuna da ragon layyar da ke ɗaure a tsakar gidanka. Ni wata shida nake ware baƙo, da kwanon ruwansa daban, a kai kashinsa wurin likitan dabbobi. Wasu na cewa wata uku ya isa. Ni dai shida.

Su kansu na damisa masu kiwo sun kasa su biyu: na Afirka ta Kudu, wanda ɗansa kan fito da ɗigo biyu a kowane gidan ƙoƙo, da na gabashin Afirka mai ɗigo ɗaya ko babu. In girmansu ɗaya suna iya zama tare, amma ba na haɗa namijin wannan da macen wancan, kada jinin ya cakuɗe.

Maza biyu kada su zauna wuri ɗaya. Namiji za ka gane shi da doguwar wutsiya da lotsattsen ƙirji. Kada kuma ka bar mace ɗaya tal da namiji, zai hana ta sakat. Ƙarami da babba, a raba.

Tuwo, shinkafa, ragowar miya, duk ba abincin kunkurun damisa ba ne. Ciyawa ce, sai ɗan ganye da dakakken ɓawon ƙwai. A zuba wuri biyu ko uku, don mai ƙarfi kada ya tare.

Na Sahel yana da raminsa lokacin hunturu, na damisa ba shi da shi, kuma sanyi da danshi nan da nan suke sa masa majina. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu a ɗaki nake kwantar da nawa, kan busasshiyar ciyawa, sai hantsi ya dubi ludayi nake fito da su.